Kore Shar ko Ja Wur: Hanyoyi Biyu na Gano Haukan Kare a Arewacin Kamaru

Idan kare ya ciji yaro a ƙauyukan gefen Binuwai, akan kashe karen nan take, a bar iyaye da fargabar ko mahaukaci ne. Amsar tana cikin ƙwaƙwalwar karen, kuma a yankin nan dogaron mutane yana kan LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa da aka kafa a 1983 a Bokle, kusa da Garwa. Hanyoyi biyu ake takara a kansu wajen karanta ƙwaƙwalwar.

Ta farko ita ce gwajin ƙyalli, wanda Goldwasser da Kissling suka fara amfani da shi kan wannan cuta a 1958. Ma'aikaci zai dangwala ɗan ƙwaƙwalwar a kan gilashi, ya tsoma a asiton mai sanyi, sannan ya ɗiga wani furotin na garkuwar jiki da aka liƙa wa rini mai suna fuloresin. Furotin ɗin ba ya kama komai sai ƙwayar cutar. Bayan rabin awa a ɗumin digiri 37, sai a wanke, a kashe fitilar ɗaki, a haska shuɗin haske ta madubin likita na musamman. In cutar tana nan, ɗigo-ɗigo za su bayyana kore shar a cikin duhu.

Sai dai rinin nan akwai tsirfa. Ba ya ƙyalli sosai sai a ruwa mai kanwa-kanwa. Kamar dai kuɓewa ce, da ɗan kanwa take riƙe korenta. Shi ya sa ake rufe gilashin da gilisarin da aka daidaita ma'aunin pH ɗinsa ya kai 8.5 ko fiye. Kwalbar da ta daɗe a kan kanta tana iya yin tsami ba wanda ya lura, kuma da pH ya gangaro, hasken sai ya dushe. Ga kuma lokaci: shuɗin hasken da ke tayar da ƙyallin shi ne ke cinye shi. Wanda ya tsaya yana ƙura wa wuri guda ido zai ga koren yana janyewa cikin 'yan mintoci. Abin da ke tayar min da hankali ke nan, domin gilashin da ya dushe da gilashin kare mai lafiya kamarsu ɗaya, kuma kuskuren yana faɗawa ne ɓangaren da ke kisa. Ɗakin gwajin kirki yakan ajiye gilashin da aka tabbatar yana da cutar, a rina shi tare da kowane sabo, a riƙa auna pH, a karanta sakamako a ranar.

Ta biyu ana kiran ta dRIT, kuma cibiyar CDC ta Amurka ce ta ƙirƙiro ta. Ita ma da furotin na garkuwa take aiki, amma ƙwayar cutar tana fitowa ja wur ne a kan shuɗin fili, ana gani da madubin da ake duba zazzaɓin cizon sauro a kowane asibiti. Ba ɗakin duhu, ba na'urar ɗumi, kuma aikin bai cika wuce awa guda ba. An gwada ta a Tanzaniya da kuma Injamena, maƙwabciyar Kusiri, sakamakon ya zo kusan daidai da na ƙyalli, har hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta amince da ita a 2018. Cikas ɗinta shi ne kayan aikin ba sa samuwa a kasuwa cikin sauƙi, kuma matakanta suna da yawa.

A ganina nisa da zafi ne ke raba gardamar. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Kan karen da aka ɗauko daga Yaguwa ko Mokolo, ba ƙanƙara, zai iso Bokle ƙwaƙwalwar ta narke, kuma ruɓaɓɓen nama yana da nasa ƙyallin na ƙarya da ke rikita ido. Mutane da yawa ma ba sa aikowa. A binne karen, a shafa magani a kan cizon, a bar wa Allah. Don haka ina goyon bayan a bar gwajin ƙyalli a Bokle, inda akwai ƙwararru da injin wuta, ya zama alƙalin da ake komawa gare shi, a kai jan gwajin Marwa da Kusiri da Gidar, kusa da inda ake cizon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuma suna da kaso mai yawa. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Saboda haka wanda aka ciza kada ya zauna jiran ko wanne gwaji: a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a fara allura a ranar. Sakamakon gwaji zai zo daga baya ya faɗi ko a ci gaba da allurar, da kuma ko a bi unguwa a nemo sauran waɗanda karen ya taɓa.