Sultan Nevruz: Bikin bazara a zawiyoyin Bektashiyya da Rifa'iyya

A yankin Balkan na Turai, bazara ba lokacin zafi ba ce irin tamu. Lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho bayan watannin sanyi. A farkon wannan yanayi, ranar 22 ga Maris, mabiya ɗariƙar Bektashiyya ke taruwa a hedikwatarsu ta duniya da ke Tirana, babban birnin Albaniya, domin bikin da suke kira Sultan Nevruz.

Asalin sunan Nairuz ne, wato "sabuwar rana" da harshen Farisa, bikin shiga sabuwar shekara da Farisawa ke yi tun kafin zuwan Musulunci. Bektashawa sun ba ranar wata ma'ana: a wurinsu ranar haihuwar Sayyidina Ali ce, Allah ya ƙara masa yarda. A nan mai karatu zai iya tsayawa, domin abin da ya shahara, musamman a wurin 'yan Shi'a, shi ne an haife shi ranar 13 ga Rajab. Bukukuwan ɗariƙu da muka sani, kamar Maukibin Ƙadiriyya na Kano a Rabi'ul Sani, lissafin wata suke bi suna zagaya shekara. Wannan kuwa a daure yake da lissafin rana, shi ya sa a 2024 da 2025 ya faɗo a tsakiyar azumin Ramadan.

Ana danganta ɗariƙar ga Haji Bektash Wali, wanda ya rayu a Anatoliya a ƙarni na 13, amma Balim Sultan ne ya tsara ƙa'idojinta a farkon ƙarni na 16. Ainihin zaman ibadar na 'yan'uwa ne da suka yi mubaya'a. A ɗakin da suke kira maidan ake kunna kyandirori, a ambaci limamai goma sha biyu, a rera waƙoƙin yabon Ali da iyalan gidan Annabi (SAW), maza da mata a zaune wuri ɗaya ƙarƙashin jagorancin shehi, wanda suke kira Baba. A gidajen Albaniyawa kuma akan gasa wani abincin fulawa mai suna byrek a ɓoye tsabar kuɗi a ciki, wanda ya ci karo da ita a ce shekararsa ta yi kyau.

Tarihi ya bayyana dalilin da ya sa suka riƙe ranar da hannu biyu. A 1826 Sarki Mahmud na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya rusa rundunar Janisari, ya haramta Bektashiyya saboda alaƙarta da sojojin. A 1925 Ataturk ya rufe zawiyoyin Turkiyya baki ɗaya, shugabancin ɗariƙar ya koma Albaniya. Can ma ba su sha ba: a 1967 gwamnatin gurguzu ta Enver Hoxha ta haramta addini, aka kulle masallatai da coci-coci da zawiyoyi. Sai a 1991, a ranar Nevruz, aka sake buɗe hedikwatar. Yanzu ranar hutu ce a hukumance a ƙasar, shugabanni na zuwa gaisuwa wurin Baba Mondi, wanda ke jagorantar ɗariƙar tun 2011.

A Prizren ta Kosobo kuwa, zawiyar Rifa'iyya, ɗariƙar Shehu Ahmad Rifa'i na Iraƙi da ya rasu a 1182, tana raya wannan lokaci da salon da ya fi jan masu ɗaukar hoto. Muridai kan yi da'ira suna zikiri da bandiri na tsawon sa'o'i, sannan shehi ya soke kumatun wasu da tsinken ƙarfe, har da yara. Suna ganin hakan alamar sallamawa ce ga Allah. Ni dai batun yaran ya fi tsaya mini a rai, domin yaro bai kai ga zaɓar wa kansa irin wannan jarrabawa ba.

Malaman Sunna da dama ba su yarda da bikin ba. Hujjarsu hadisin Anas ne da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya sanar da su Allah ya musanya musu da Idin Layya da Idin Fiɗir. Masu sharhi da yawa sun ce Nairuz da Mihrajan ake nufi. Suna kuma sukar sassaucin da aka san Bektashawa da shi kan giya da salloli biyar, da cutar da jiki da sunan ibada. Mabiyan na amsawa da cewa niyyarsu son Ali ne, ba raya al'adar Majusawa ba.

Muhawarar ta sami sabon babi a Satumban 2024, lokacin da Firaminista Edi Rama ya bayyana shirin mai da hedikwatar Tirana ƙaramar ƙasa mai cin gashin kanta irin ta Vatikan. Majalisar Musulmin Albaniya, wadda ke wakiltar 'yan Sunna, ta nuna adawa, tana mai cewa ba a tuntuɓe ta ba.