Benedik, Shugaban Da Mabiyansa Suka Zuba Wa Guba

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani mutumin Italiya da mabiya ɗariƙar Katolika suke ɗauka waliyyi. Sunansa Benedik, an haife shi a garin Nursiya wajen shekarar 480, jim kaɗan bayan rushewar daular Rum ta yamma. Yawancin labarinsa Fafaroma Giregori na ɗaya ne ya rubuta shi, shekara kamar hamsin bayan rasuwarsa.

Iyayensa sun tura shi karatu birnin Rum, amma shashancin da ya ga samari suna yi ya sa ya bar garin. Ya shiga wani kogo a Subiyako ya yi shekara uku yana ibada shi kaɗai. Wani mai zuhudu, Romanus, shi yake zuro masa burodi da igiya daga saman dutse, da 'yar ƙararrawa a jiki don ya san abinci ya iso.

A zamanin akwai mazan da suke barin aure da dukiya su zauna gida ɗaya don ibada, ana kiran wurin gidan zuhudu. Shugabansu shi ne abbot, kalmar kuwa asalinta "abba" ce, wato uba, kamar yadda wasunmu suke kiran mahaifinsu. Shugaban wani gida ya rasu, sai mutanen suka roƙi Benedik ya shugabance su. Ya ce musu halinsa da nasu ba za su zo ɗaya ba, suka nace. Da tsananinsa ya ishe su sai suka zuba masa guba a abin sha. Giregori ya ce yana sa wa kofin albarka sai ya fashe. Benedik ya tashi ya koma kogonsa.

Wajen 529 ya kafa babban gida a kan dutsen Monte Kasino, tsakanin Rum da Nafoli, ya kuma rubuta dokar zaman gidan mai babi 73. A ganinmu nan ne labarin ya fi daɗi, domin mutumin da aka so kashewa saboda tsanani ya zo ya rubuta doka mai sassauci, har da rangwame ga marasa lafiya da tsofaffi da yara.

'Yan kwana, ku saurara. Ɗaki ɗaya suke kwana, fitila tana ci har gari ya waye, ana kuma saka gadajen matasa a tsakanin na manya. Girki mako-mako ne, kowa yana yi sai mai uzuri. Lokacin cin abinci ba surutu, mutum ɗaya ne yake karatu da ƙarfi sauran suna ji. An raba yini tsakanin addu'a da aikin hannu da karatu. A lokacin azuminsu kowa zai karɓi littafi ya karance shi daga farko har ƙarshe, manya ɗaya ko biyu suna zagayawa don kama masu hira. Ashe dai masu rubuta sunan 'yan surutu sun daɗe a duniya!

Dokar ta fi matsa wa shugaban. Ba shi da damar fifita ɗan masu hali a kan wanda dā bawa ne, kuma girma a gidan yana bin ranar da mutum ya shigo, ba shekarunsa ba. In babbar magana ta taso dole ya tara kowa ya ji ra'ayinsu, har mafi ƙanƙanta, don wani lokaci shawara mai kyau daga bakin yaro take fitowa. Akwai bulala, ba za mu ɓoye ba, amma ba wanda zai daki ɗan'uwansa ba da izinin shugaba ba, kuma wanda ya wuce gona da iri a kan yaro shi ma a hukunta shi. Muna fata shugabannin ɗalibai za su sake karanta wannan sakin layi.

Benedik ya rasu wajen 547. Dokarsa ta bazu a Turai, kuma a irin waɗannan gidaje aka riƙa kwafe littattafai da hannu kafin a ƙera injin ɗab'i. A 1944 jiragen yaƙi sun ragargaza Monte Kasino, aka sake gina shi, a 1964 kuma Fafaroma Bulus na shida ya ayyana Benedik waliyyin Turai. Ko a Najeriya akwai masu bin dokarsa a garin Ewu na jihar Edo.