Na'urar da ke sauraren ɗaki kafin ta yi magana

Sau da yawa magidanci yakan kashe kuɗi masu yawa wurin sayen kayan sinimar gida, watau akwatin ƙara sauti da lasifika 5 da kuma babbar lasifika guda ta kaurin murya, amma in ya kunna sai ya tarar ƙarar mota da ta ganga sun cika ɗaki, maganar ƴan wasa kuwa ba ta fita sosai. Sai ya dinga ƙara murya, har maƙwabta su kawo ƙara. Galibi laifin ba na kayan ba ne, na ɗakin ne.

Masana sun daɗe da gane haka. A shekara ta 1895, a jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, aka ɗora wa wani matashin malami, Wallace Sabine, aikin gyaran wani zauren lacca inda kalma guda ke yawo fiye da daƙiƙa 5 kafin ta ɓace. Ya yi ta aune-aune cikin dare, yana shigo da matasan kujeru yana fitarwa, har ya gano ƙa'idar da ke tsakanin girman ɗaki, da kayan da ke cikinsa, da tsawon amsa-kuwwa. Da ita aka yi amfani wajen gina zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900.

Abin da Sabine ya yi da kunne da agogo, shi ne ƙaramin mikoro ke yi yanzu cikin ƴan mintoci. Kamfanin Yamaha na kiran tsarinsa YPAO, Pioneer kuma MCACC. Audyssey, wanda aka kafa a 2002, ana samun tsarinsa cikin kayan Denon da Marantz, sa'an nan ga Dirac Live na ƙasar Suwidin.

Yadda aikin ke gudana

Ana ajiye mikoro a mazaunin mai kallo, daidai tsayin kunne. Kowace lasifika sai ta fitar da sautin gwaji ita kaɗai, na'ura na saurare. Daga nan take gyara abubuwa 4.

Na farko shi ne nisa. Sauti na tafiyar wajen mita 343 cikin daƙiƙa guda. Ke nan in wata lasifika ta fi ƴar'uwarta kusa da mita 1, muryarta za ta riga isa kunne da kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Ɗan wannan rata ya isa ya karkatar da sauti gefe guda, don haka sai na'ura ta jinkirta ta kusa, su iso tare.

Na biyu shi ne ƙarfi: ana daidaita su domin kada wata ta danne wata, musamman ta tsakiya, wadda ita ce ke ɗauke da magana.

Na uku shi ne rabon aiki. Kaurin da ƙananan lasifikoki ba su iya ɗauka, galibi abin da ke ƙasa da girgiza 80 cikin daƙiƙa, ana miƙa shi ga babbar.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne halin ɗakin kansa. Sauti mai kauri yakan bugi bango ya dawo ya gamu da mai zuwa. A wani gurbi su haɗa ƙarfi har tagogi su yi rawa, a wani gurbi kuma su kashe juna. Ɗaki mai tsawon mita 5, alal misali, yana kumbura sautin da ke wajen girgiza 34. Na'ura takan rage irin wannan kumburi.

Inda ƙarfinta ya tsaya

To, amma duk ƙwarewarta, ba ta rushe bango. Inda sauti ke kashe kansa, ƙarin ƙarfi ba ya cike gurbin, sai dai ya wahalar da lasifika. Maganin shi ne a matsar da babbar lasifika, ko kujerar, sa'an nan a sake awo. Haka kuma ɗakin siminti mai sumul, wanda ba darduma ba labule, yana da amsa-kuwwar da na'ura ba ta iya shanyewa. Darduma, da labule mai kauri, da kujeru masu taushi sun fi ta iya wannan aiki.

Saboda haka, mai son sakamako nagari ya fara da jera kayan bisa ƙa'ida: lasifikar tsakiya a saitin allo, ta hagu da ta dama nisa ɗaya daga mai kallo. Lokacin awo ya kashe fanka, ya rufe ƙofa, a yi tsit. Kada ya riƙe mikoro a hannu, ya ɗora shi kan abin da ba ya motsi. In tsarin ya ba da dama, ya auna mazaunai da yawa, domin iyali duka su amfana. Kuma duk ranar da aka sake jerin kayan ɗaki, wajibi ne a sake awo, gama ɗakin da na'ura ta sani ya riga ya canza.