Fuskar Fiyano Ita Ce Ke Sayar Da Shi

Duk mai kawo kayan lantarki daga Kwatano ko Lome zuwa kasuwannin Maraɗi, Jibiya ko Birnin Ƙonni ya san cewa fiyano na gwanjo haja ce mai tafiya, tun daga ƙarshen shekarun 1990 da mawaƙan finafinan Kano suka rungumi samfurin Yamaha PSR. Amma ɗan kasuwa yakan yi talla da yawan sautukan da ke ciki, alhali makaɗi wani abu dabam yake dubawa, wato yadda aka jera maɓallai a ƙarƙashin yatsunsa.

A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DX7, wanda aka sayar da fiye da guda 150,000. Yana iya fitar da sautuka iri-iri, sai dai an ɓoye hanyar sarrafa su a bayan wani ɗan gilashi mai layi biyu kacal. Kafin mutum ya canza sauti ɗaya sai ya yi ta latse-latse kamar mai neman tasha a rediyo cikin duhu. Yawancin makaɗa suka haƙura da sautukan da aka zo da su daga masana'anta.

Ita kuwa na'urar ganga ta Roland TR-808, wadda ta fito a 1980, ba ta yi kasuwa ba, domin sautinta bai yi kama da na gangar gaske ba, har aka daina ƙera ta a 1983. To amma a gabanta akwai maɓallai 16 a jere, kala huɗu, kowane maɓalli bugu ɗaya. Ka danna, ganga ta buga a wurin. Ka sake dannawa, ta yi shiru. Ko wanda bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba yana ganin kiɗansa da ido. Irin wannan jeri ne manhajar FruityLoops, da aka ƙirƙira a Beljiyam wajen 1997, ta ɗora a gilashin kwamfuta. Ita ce FL Studio da matasa ke haɗa kiɗa da ita a ɗakunan ɗaukar waƙa.

Akwai kuma inda masu ƙera fiyano ba su yi tunaninmu ba. Makaɗin kalangu yana matsa tsirkiya ne sauti ya hau ko ya sauka kamar magana, shi kuwa fiyano sautukansa 12 ne a tsaye. Abin da ke ɗan cike giɓin shi ne wani ɗan gare-gare da ke gefen hagu, wanda ake murzawa don lanƙwasa sauti, kuma ƙananan fiyano da yawa ba su da shi. Larabawa dai an yi musu nasu: samfurin PSR-A3000 na 2015 yana da maɓallai na musamman don daidaita sauti da waƙoƙinsu.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi a tashar jirgin ruwa, murza gare-garen ka ji. Danna madanni a hankali, sannan da ƙarfi, ka ga ko ƙarar tana bin hannunka. Duba gilashin ko ya dushe, domin sauya shi wahala ne. Tsofaffin samfura da faifan fulofi suke aiki, wanda samunsa yanzu sai an tona, mai ramin USB ya fi saurin fita. In kuma kayan daga Amurka suka zo, karanta abin da ke jikin adaftar: tasu wutar 110 zuwa 120 ce, tamu 220 zuwa 230.