An Gyara Zuciya, Ina Labarin Ƙwaƙwalwa?

A 'yan shekarun nan tiyatar zuciya ta daina zama labarin da muke ji daga nesa. Da wuya mai karatu ya rasa wani da ya sani, tsohon ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wanda aka haɗa kuɗi aka kai shi Indiya ko Masar ko Saudiyya, ko kuma Abuja da Legas, don a gyara masa hanyoyin jinin zuciya. Idan ya dawo sai a yi ta tururuwar barka da arziki, a duba tabon ƙirji, a gode wa Allah. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne halin da tunanin mutumin yake ciki. A ganina wannan shirun yana cutar da marasa lafiya da iyalansu.

A garinmu, Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Kusada, na ga irin haka da idona. Wani baffana, wanda ya shafe shekaru yana fataucin hatsi ba tare da ya taɓa riƙe littafin lissafi ba, an yi masa wannan aiki a ƙasar waje. Ɗansa da ya yi jinyarsa ya ce a dare na biyu tsohon ya yi ta fizgar robobin da aka sa masa, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Da ya dawo gida sai ya riƙa manta yawan raka'o'in da ya yi, ya kuma kasa tuna wanda ya biya shi bashi da wanda bai biya ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce ta ƙasar da aka kai shi, wasu kuma suka ce tsufa ne kawai. Bayan wata biyar ko shida yawancin lissafinsa ya dawo. Likitoci sun san wannan lamari, sun kuma yi shekaru suna bincike a kansa.

Bari mu fara da aikin kansa. Idan kitse ya toshe jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya, sai likita ya ciro wata jijiya daga ƙafa ko bangon ƙirji ya dasa ta, jini ya kewaye wurin da ya toshe, kamar yadda hanyar baifas ke kewaye cunkoson gari. René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina, shi ya daidaita wannan dabara a asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka a 1967. Kafin shi, a 1953, John Gibbon ya yi nasarar amfani da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin da ake tiyata. A Nijeriya kuwa an fara buɗe zuciya a yi mata aiki a 1974, a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, inda Magdi Yacoub ɗan asalin Masar ya yi aiki tare da Farfesa Fabian Udekwu.

A 2001 masu bincike na Jami'ar Duke suka buga sakamakon da ya tayar da hankali a mujallar New England Journal of Medicine. Sun bi mutum 261 da aka yi wa wannan tiyata, suka tarar kashi 53 cikin ɗari sun sami raguwar kaifin tunani a lokacin sallama, kashi 24 bayan wata shida, sannan kashi 42 bayan shekara biyar. Da farko an ɗora laifin kan injin nan, saboda ƙananan ɓarɓashin kitse da kumfar iska da kan kuɓuce su shiga jinin ƙwaƙwalwa. Daga baya masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka kwatanta waɗanda aka yi wa tiyata da masu ciwon zuciya irin nasu da ba a yi musu ba, suka ga bayan shekaru babu wani babban bambanci. Ma'ana, cutar da ta toshe jijiyar zuciya ita ce takan lalata ta ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Saboda haka kada wani ya ƙi tiyatar da za ta ceci ransa don tsoron mantuwa.

Sai dai akwai abin da ke faruwa a kwanakin farko, wanda zan kira ɗimuwa. Mara lafiya yakan kasa sanin inda yake, ya juya dare ya zama rana, ya ga abin da babu shi. Wani yakan yi ta fizge-fizge, wani kuma ya yi lamo, masu jinya su ɗauka hutawa yake yi, alhali wannan nau'in ne ya fi ɓoyuwa. Wani bincike da aka buga a 2012 kan mutum 225 masu shekara 60 zuwa sama ya nuna kashi 46 sun ɗimauce bayan tiyatar zuciya. Bayan wata shida, kashi 40 na waɗanda suka ɗimauce ba su koma yadda suke a da ba, a sauran kuwa kashi 24 ne. A nan ne maganar magungunan sa barci ta shigo, domin suna cikin 'yan abubuwan da likita ke da ikon zaɓa.

Bayan an gama aiki, akan bar mara lafiya na wasu awoyi a kan na'urar taimaka wa numfashi, da roba a maƙogwaronsa. Ba mai iya jure wannan a farke, don haka akan ci gaba da ɗura masa maganin kwantar da jiki. Iri uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne midazolam, ɗan gida ɗaya da Valium, wanda ke hana ƙwaƙwalwa ajiye sabon abin da ya faru, kuma yakan daɗe a jikin tsoho ko mai raunin ƙoda. Na biyu shi ne furofofol, farin ruwa mai kama da madara, wanda ke saurin kamawa da saurin saki. Na uku shi ne deksmedetomidin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1999. Barcinsa ya fi kusa da barcin gaske, ana iya tayar da mutum a yi magana da shi, kuma ba ya danne numfashi sosai, amma yakan rage bugun zuciya da ƙarfin jini.

To, wanne ya fi? A 2016 likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada sun gwada na biyu da na uku a kan dattawa 183. Ɗimuwa ta kama kashi 31.5 na waɗanda aka ba furofofol, da kashi 17.5 na waɗanda aka ba deksmedetomidin. A 2018 ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta ba da shawarar a fifita furofofol a kan dangin Valium bayan tiyatar zuciya. Amma a 2020 mujallar Lancet ta buga wani gwaji mafi girma, na kusan mutum 800, wanda bai ga deksmedetomidin ya rage ɗimuwa ba. Darasin da na ɗauka shi ne, babu maganin da zai zama laya. Abin da masana suka haɗu a kai shi ne a sassauta zurfin barcin, a cire robar numfashi da wuri, a magance zafin ciwo yadda ya kamata, a kuma riƙa gwada hankalin mara lafiya kowace rana kamar yadda ake auna jininsa.

Mu da muke rakiya da biyan kuɗi, me ya rage gare mu? Matambayi ba ya ɓata. Kafin ranar aiki a nemi ganin likitan da zai sa barci, a tambaye shi abin da zai yi amfani da shi da matakan da asibitin ke ɗauka kan ɗimuwa. A gaya masa gaskiya idan mara lafiya ya saba shan ƙwayar barci ko tiramol ko wani abin maye, domin yanke su kwatsam kaɗai na iya ɗimauta mutum. Kunya a irin wannan wuri hasara ce. Sannan a lura da batun harshe. Dattijon da Hausa kaɗai yake ji, ya farka a Delhi ko Alƙahira cikin fuskokin da bai sani ba, ta yaya ma'aikaciyar jinya za ta gane ko ya ruɗe? Lallai a samu ɗan'uwa kusa da shi da zai riƙa gaya masa rana da wuri da dalilin zuwansa, a mayar masa da tabaronsa, a buɗe taga da rana, a bar shi ya yi barci da dare.

Idan an dawo gida ma aiki bai ƙare ba. Al'adarmu ta dubiya abin alfahari ce, amma cincirindon baƙi tun safe har dare yana gajiyar da ƙwaƙwalwar da ke farfaɗowa. Kada a je kemis a sayo masa Valium ko Piriton don ya kasa barci, domin duka biyun suna ƙara wa tsoho ruɗewa. A sa mutum ɗaya ya kula da magungunansa, kada ya sha sau biyu ko ya tsallake. A kuma dakatar da duk wata magana ta sayar da gona, rabon dukiya ko sa hannu a takarda har sai hankalinsa ya daidaita, don a irin wannan lokaci ne ake shuka rigimar da kan raba zumunci. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, sai a garzaya asibiti nan take.

Kirana na ƙarshe ga hukumomin lafiya ne. Wanda aka yi wa aiki a ƙetare ba likitan da ya yi masa zai gani a Ƙofa ba. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai fara gani, sai Babban Asibitin Kankiya, kafin a kai ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, wadda ke yaye irin waɗannan ma'aikata, za ta yi babban taimako idan ta koya musu gane ɗimuwa da gwada tunani da 'yan tambayoyi cikin Hausa, waɗanda ba su dogara da karatun boko ba. Wannan ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Iyalin da suka sayar da kadara don a gyara zuciyar mahaifinsu sun cancanci a gaya musu tun farko abin da ka iya samun tunaninsa, da yadda za su taimaka masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.