Inda Ake Neman Asalin Gida

A hutun da ya wuce wani dattijo ya zo gidanmu a Illela daga Birnin Konni, ya ce shi ɗan'uwanmu ne. Mahaifina ya karɓe shi hannu bibbiyu, amma da na tambayi ta inda muka haɗu sai kowa ya yi shiru. Wannan ne ya sa na shiga bincike, ga kuma hanyoyin da na gano.

Hanya ta farko ita ce tsofaffi. Na zauna gaban kakata da littafi da alƙalami. Ba ta ƙidayar shekaru irin ta boko, sai dai ta ce, "An haifi ubana bayan yunwar Kakalaba, ni kuwa a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar." Wanda ya san an yi yunwar nan a 1913 zuwa 1914, Sarki Abubakar na Uku kuma ya hau gado a 1938, to, ya sami bakin zaren.

Ta biyu, tsagar fuska da kirari. Tsaga takan nuna Bagobiri ko Ba'adare, maroƙa kuwa sukan jero sunayen kakanni. Sai dai a yi hattara, maroƙi ba ya faɗin abin da zai hana shi kyauta.

Ta uku, takardun gida. Waɗansu malamai sukan rubuta haihuwa da mutuwa da ajami a gefen littattafansu. A nemi izini a duba gafaka.

Ta huɗu, ma'ajiyar gwamnati. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, mai tsofaffin rubuce-rubuce na Larabci da ajami. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda aka adana rahotannin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa, na haraji da jangali da naɗin hakimai. Ba kasafai ake samun sunan talaka a ciki ba, amma akan sami labarin garinsa.

Mu mutanen bakin iyaka aikinmu biyu ne. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, suka yi yarjejeniyar iyaka da Faransa a 1906, aka raba dangi gida biyu. Saboda haka takardun Konni suna Yamai, da Faransanci.

Daga ƙarshe kakata ce ta warware mana. Ashe uwar dattijon nan ƙanwar ubanta ce, aka aurar da ita Konni. Da ta rasu ba mu tambaya ba, da zumuncin ya bi ta kabari.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, takarda tana jira, amma tsoho ba ya jira. Hutun nan mai zuwa kowa ya sayi littafi ya zauna gaban kakarsa. Allah ya ja da ran iyayenmu, amin.