Wa Ke Sace Awa Guda a Saman Atilantika?

Tsakanin New York da Landan kilomita kusan 5,550 ne. Jirgin da ya tashi daga New York yakan sauka Landan cikin kamar awa bakwai, amma in ya juyo sai ya ci awa takwas. Jirgin bai canza ba, tekun bai ƙara faɗi ba. To wa ke sace awa guda?

Agogo na fara cafkewa, tunda Landan na gaban New York da awa biyar. Amma ka ɗaura agogo a hannu, kada ka taɓa shi har ka sauka, giɓin yana nan. Agogo ya kuɓuta.

Sai juyawar duniya, wadda kowa ke nuna wa yatsa. Daga yamma take juyawa zuwa gabas. Da aikinta ne kai tsaye, ai mai zuwa yamma ne zai riga isa, domin New York za ta taho ta tarye shi. Shi kuwa shi ke makara. Na sallame ta, amma na ce kada ta yi nisa.

Hanya fa? Jiragen kan lanƙwasa arewa ta wajen Newfoundland, amma haka suke yi zuwa da dawowa. Saura wa?

Ga shaida. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya isa Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56. Gudunsa ya haura kilomita 1,300 a awa. Injin bai da wannan ƙarfi. Wani ne ya tura shi. Daga baya.

Iska ce! Can sama, kilomita tara zuwa goma sha biyu daga ƙasa, daidai inda jirage ke bi, akwai wani siririn kogin iska mai kwarara daga yamma zuwa gabas. Da hunturu gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa. Mai zuwa Landan kamar ɗan kwale-kwale ne da ya bi ruwa, mai komawa kuwa sai ya sa ƙirji. Masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya gano wannan kogin iska tun shekarun 1920 da balan-balan da yake saki yana bin sawunsu.

Yanzu a dawo mini da wadda na sallama. Iskar ɗumi daga kudu tana nufar sanyin arewa, juyawar duniya kuma ita ke karkatar da ita ta fuskanci gabas. Ashe da hannunta a ciki.

Kogin ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa kullum masu kula da zirga-zirgar jirage a Gander ta Kanada da Prestwick ta Sukotilan ke sake shata hanyoyi: masu zuwa gabas a jefa su cikinsa, masu zuwa yamma a kauce da su, ko da hanyar za ta ƙara tsawo.